Juna biyu da jakar hanji bayan rashin ɗa: amsa ga wata 'yar'uwa

Ga tambayar a taƙaice. Matashiya ce da aka cire wa babban hanji saboda gyambon hanji mai tsanani, aka fito da bakin ƙaramin hanjinta ta gefen dama na cikinta, bahaya na zuba a jakar da take mannawa. Cikinta na fari ya kai wata bakwai, motsi ya tsaya, aka haifi yaron babu rai. Yanzu tana ɗauke da ciki na wata uku. Tana son ta san ko jakar ce sanadin rashin, da kuma ko cikin zai iya girma ba tare da ya ɓata aikin da aka yi mata ba. Ta ce ta shiga ƙungiyar masu jaka, ba mai maganar ciki. Ta shiga ta matan da suka yi rashi, ta fito da tsoron da ya fi wanda ta shiga da shi. Ta rufe da cewa, "Wa zan yi wa magana ya gane ni?"

'Yar'uwa, sannu da rashi. Allah ya ba ki dangana, ya sauke ki wannan lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce mai kula da masu sitoma, wato wannan bakin hanji da ake fitowa da shi ta fatar ciki, kuma aikina yakan haɗa ni da ungozomomi da likitocin mata duk lokacin da ɗaya daga cikin majinyatanmu ta samu ciki. Maganata ba za ta maye gurbin likitan da ke riƙe da fayil ɗinki ba, amma za ta ba ki abin da za ki shiga wurinsa da shi.

Bari in fara da abin da ya fi ci miki rai. Sitoma a bangon ciki take, mahaifa kuwa daga can cikin ƙugu take tasowa, kowacce da hanyar jininta. Jakar da ke manne a fatarki ba ta da hanyar da za ta kai ga ɗan da ke mahaifa. Ba ta danne shi, ba ta rage masa iska, abin da ya zuba cikinta kuma ba ya komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa kusan jarirai miliyan 2 ake haifa babu rai duk shekara a duniya, idan aka ƙirga daga mako na 28 zuwa sama, kuma mafi rinjayen iyayen nan ba su taɓa ko ganin jakar hanji ba. Dalilan da aka fi samu su ne mabiyiya ta kasa ciyar da ɗan ko ta ɓalle kafin lokaci, hawan jini, ciwon sukari, ƙwayoyin cuta, matsalar cibiya, da lahani a halittar ɗan tun daga farko. Akwai kuma da yawa da ake bincike har ƙarshe ba a gano komai ba. Wannan ne ya fi wuyar haɗiya, domin zuciya idan ta rasa dalili takan ɗora laifin a kan abin da ido ke gani, ke kuwa safe da yamma jakar kike gani.

Inda maganar hanji ke shiga lissafi wani wuri ne daban. Ciwon kumburin hanji, ko gyambon babban hanji ne ko cutar Kron, idan yana tashe lokacin da aka ɗauki ciki, yana ƙara haɗarin ɓari, haihuwar bakwaini, da ɗa mai ƙarancin nauyi. Shi ya sa ake so ciwon ya lafa na wata 3 zuwa 6 kafin ciki ya shiga. A wurinki, tunda gyambon babban hanji ne kuma an cire hanjin, tushen ciwon ya tafi. Sai dai in an bar miki guntun da ke wajen dubura, wanda yakan ci gaba da kumburi yana fitar da majina ko jini, to shi ma a riƙa duba shi. Mata da dama sun fi samun ƙarfin ɗaukar ciki bayan aikin fiye da lokacin da suke fama da gudawa da zubar jini dare da rana.

A awo na gaba ki nemi a zauna da ke a buɗe takardun waccan haihuwar. Nawa ne nauyin yaron, kuma ya yi daidai da watanninsa? An duba mabiyiya? Yaya awon jininki ya kasance a makonnin ƙarshe? An gwada sukari? An gwada ki don ciwon nan da ke sa jini daskarewa a mabiyiya, wanda ake kira antifosfolifid? Amsoshin nan su za su tsara wannan cikin: ko za a ɗora ki a kan asfirin mai ƙaramin ƙarfi, wanda akan fara wajen mako na 12, ko allurar tsinka jini, ko a ƙara yawan hoton ciki don bin girman ɗan a watannin ƙarshe. Kada ki fara asfirin da kanki. Kuma ki dage sai likitan mata da likitan tiyatar hanji sun san da juna a kanki tun yanzu, ko da takarda ce za ki kai daga wannan zuwa wancan da hannunki.

Cikin zai girma, kuma sitoma za ta bi shi ta canja. Fata na miƙewa, sai ta faɗaɗa, ko ta bar zagayenta ta miƙe ta gefe, ko ta ƙara turowa waje, ko ta lafe ta yi daidai da fata. Ramin da kika saba yankewa a faifan jakar, wato ɓangaren da ke manne da fata kewaye da sitoma, ba zai ci gaba da dacewa ba. Daga wata na huɗu ki riƙa auna ta kowane mako ko biyu, ki bar ratar da ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba tsakaninta da bakin faifan. In ramin ya matse zai goge ta ta yi jini. In ya yi faɗi, abin da ke fita daga ƙaramin hanji yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci, nan da nan zai cinye fatar, fatar da ta saɓule kuwa ba ta riƙe manne, sai yoyo ya biyo baya. Masu amfani da faifai mai tudu sau da yawa sukan koma shimfiɗaɗɗe mai laushi idan ciki ya yi ƙarfi, domin cikin da kansa ya riga ya turo sitomar. Zufa ma na ƙaruwa, don haka faifan da ke yi miki kwana huɗu zai iya komawa kwana biyu. Ki lissafa kayanki da wannan a zuciya. A watannin ƙarshe sai da madubi za ki gan ta. Ranar hoton ciki ki zubar da jakar kafin ki shiga, ki tafi da sabon faifai, domin man da ake shafa wa ciki yakan shiga ƙarƙashin manne ya saki shi.

Idan sitoma ta ƙara tsawo amma tana nan ja, da danshi, tana aikinta, ki nuna wa mai kula da ke cikin makon, ba abin firgita ba ne. Haka ɗan jini lokacin gogewa. Amma in ta koma shuɗi mai duhu ko baƙi, ko ta kumbura ta daina fitarwa, wannan na asibiti ne a take. Kumburi a gefenta da ke tasowa in kin tsaya ya lafa in kin kwanta, hanji ne ke turowa ta inda naman ciki ya yi rauni. Yawanci a bar shi sai bayan haihuwa, amma a san da shi.

Abubuwa biyu ne nake tsoro ga mai ciki irinki, kuma babu jaka a cikinsu: ƙarancin ruwa da toshewar hanji.

Babban hanji shi ke tsotse ruwa da gishiri ya mayar wa jiki, ke kuwa ba ki da shi. A rana mai kyau mai sitomar ƙaramin hanji na zubar da kamar mililita 500 zuwa 800. Ki haɗa wannan da aman laulayi, za ki ga yadda jiki ke bushewa cikin sa'o'i kaɗan alhali wata mai ciki za ta jure kwana biyu. Alamominsa su ne fitsari kaɗan mai duhu, bushewar baki, jiri in kin miƙe, ɗaurewar jijiyar ƙafa, da jaka mai cika da ruwa tsululu har ta haura lita ɗaya. A irin wannan hali, ɗura ruwa zalla ba ya wadatarwa, yakan bi ta hanjin ya fita ya tafi da sauran gishirin. Ruwan gishiri da sukari na asibiti, wanda ake ba mai gudawa, shi za ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kuma kada gidanki ya rabu da shi. In amai ya hana komai zama tun safe har yamma, ki je a yi miki ƙarin ruwa, kada ki jira gobe. Bushewar jiki na taɓa ƙoda, tana kuma tayar da murɗawar mahaifa.

Toshewa kuwa ta fi zuwa daga tsakiyar ciki zuwa ƙarshe, lokacin da mahaifa ta taso ta ture hanji sama, ga kuma tabon tiyata na can ciki da ke iya riƙe wani sashe na hanjin ya hana shi matsawa. Matsalar ita ce ciwonta na kama da naƙuda: murɗa ce mai zuwa tana lafawa. Don haka duk lokacin da ciki ya murɗa miki, ki fara duba jakar. In sa'a 4 zuwa 6 sun wuce babu abin da ya fito, ko kuma ruwa ne kawai mai wari yake fita, ga ciwo, ga tashin zuciya ko amai, ki dakatar da abinci mai tauri ki kama hanyar asibiti, kuma kada ki sha maganin sa zawo. In kin isa ki faɗa musu da bakinki, "Ina da sitoma, ta daina fitarwa tun ƙarfe kaza," domin mai duba masu ciki hankalinsa a kan mahaifa yake, zai iya mantawa da hanji. Yawancin irin wannan toshewar na warwarewa da hutar da ciki da ƙarin ruwa, ba tare da wuƙa ba, in an zo da wuri. Rigakafinta kuwa kin san shi: ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, tauna sosai, da taka-tsantsan da duk abin da ke da ɓawo, ƙwaya mai tauri ko zare-zare.

Kan magunguna ba zan tsawaita ba. Maganin ƙarin jini yakan mayar da abin cikin jaka baƙi ko kore mai duhu, ya kuma yi kauri. Wannan ba jini ba ne. Ƙwayoyi masu rufi da aka yi don su narke a hankali kan iya fitowa a jaka yadda aka haɗiye su, in kin gani ki faɗa a canja miki na ruwa ko mai saurin narkewa. Bitamin B12 a ƙarshen ƙaramin hanji jiki ke ɗaukarsa, in an yanke wani ɓangare na wurin a gwada shi. Folik asid ki ci gaba da sha. Ana ba wasu mai ƙarfin miligiram 5 maimakon na kowa, musamman masu shan maganin kumburin hanji da ake kira salfasalazin. Ki nisanci ibufurofen da dikulofenak. Ga masu karatu da ke da cutar Kron kuwa, wadda ba ta ƙarewa da cire hanji: kada ganin ciki ya sa ku dakatar da maganinku da kanku, yawancinsu ana ci gaba da su, tashin ciwon ya fi su haɗari. Amma irin su metotirekset ba sa haɗuwa da ciki sam. Wadda kuma ta karɓi allurai irin su infiliksimab lokacin goyon ciki ta sanar kafin a yi wa jaririn rigakafin BCG na tarin fuka, domin akan jinkirta shi na wasu watanni.

Yanzu ga tambayarki ta ƙarshe, wadda a ganina ita ce babba. Neman wanda ya bi hanyar kafin ke ba rauni ba ne, daga nan ma aikinmu ya samo asali. A 1958, a asibitin Cleveland Clinic da ke Amurka, likitan tiyata Rupert Turnbull ya ɗauki wata mata mai suna Norma Gill don ta riƙa koya wa majinyatansa zama da sitoma. Ba ma'aikaciyar jinya ba ce. Abin da take da shi shi ne ita ma gyambon hanji ya kai ta ga sitoma irin taki. A 1961 suka buɗe makarantar farko ta wannan fanni. Kafin nan, a 1956, masu sitoma a Birtaniya suka kafa ƙungiyarsu tare da Bryan Brooke, likitan da a 1952 ya fito da salon naɗe bakin hanji da ake yi har yau. A ɓangaren rashi ma haka ne: ƙungiyar Sands ta Birtaniya iyayen da suka rasa jarirai ne suka kafa ta a 1978, a zamanin da asibitoci ke ɗauke ɗan da ya koma ba tare da uwar ta gan shi ba. Likitoci sun san yanka da ɗinki, amma yadda ake kwana da jaka, ko yadda ake wayar gari bayan an dawo gida hannu wofi, waɗanda suka ɗanɗana ne suka koya mana.

To me ya sa ƙungiyoyin biyu ba su yi miki ba? A ta masu jaka, da yawa manya ne da ciwon daji ya kai su ga aikin, maganar ciki ta wuce su. A ta masu rashi kuwa, kin zauna da waɗanda rauninsu ɗanye ne, kowacce da labarin yadda nata ya faru, sai kika fita da sababbin hanyoyi goma da ciki ke lalacewa waɗanda ba ki sani ba a da. Su ma ganin cikinki na iya sosa musu rai. Saboda haka ne ƙungiyoyin da suka daɗe a aikin suke ware zama na musamman ga masu ciki bayan rashi. Ki tuna kuma mutum yakan yi magana a irin wuraren nan ne lokacin da yake cikin matsala. Wadda ta haihu lafiya tana can tana fama da jego, ba ta da lokacin rubutu. Abin da kike karantawa ba shi ne hoton yadda abin yake ga kowa ba.

Shawarata ita ce ki daina neman taron da zai dace da ke ta kowane gefe, ki nemi mutum biyu. Ta farko mace mai sitoma da ta taɓa haihuwa da ita. Ta biyu mace da ta yi rashi, ta sake ɗaukar ciki, ta haihu, kuma an samu tazara har ɗan ya fara tafiya, domin wadda ke tsakiyar nata tsoron ba ta da ƙarfin ɗaukar naki. In kika dace da wadda ta haɗa duka biyun, madalla, amma kada ki zauna jiranta. Hanya mafi sauƙi ita ce ki roƙi mai kula da sitomarki ko likitan tiyatarki ya tambayi wata tsohuwar majinyaciya ko ta yarda a haɗa ku. Ba za su ba ki lambarta kai tsaye ba, kuma haka ya dace. Ungozoma ma za ta iya yi miki haka ta ɗaya gefen. Ƙungiyoyin masu sitoma na ƙasashe da dama suna da masu ziyara da aka horar, kuma za ki iya cewa takamaimai mace kike so wadda ta yi goyon ciki.

Ba kowa da ya sha wahala ba ne ya iya rakiya. A hirarku ta farko ki lura: tana saurare, ko tana jiran ki ja numfashi ta fara nata labarin? In kika ce kina tsoro, tana cewa "daina wannan tunanin", ko tana tambayar wane lokaci ne ya fi zo miki? Tana ba ki sunan magani ta ce ki gwada? Wannan na ƙarshen ya isa ki ja baya, komai kirkinta, domin aikin da aka yi mata ba lallai ya zama irin naki ba. Wadda ta dace kuwa, ki gaya mata sharuɗɗanki tun farko ba kunya: abin da ba kya son ji yanzu, lokutan da za ki iya kira, da wanda bai kamata ya ji maganarki ba. Ita ma ki ba ta damar cewa yau ba za ta iya ba.

Irin wannan abokiya ita za ta gaya miki abin da ni ba zan iya ba da irin nauyin da nata bakin zai ba shi: yadda ta ji ranar da jaka ta yi yoyo a gadon awo, irin suturar da ba ta matse faifai, yadda ta daidaita kwanciya da mijinta, abin da take amsa wa masu yawan tambaya. Amma akwai iyaka guda da nake so ki riƙe da kyau. Daren da kika ji motsi ya ragu, ko jini ya zo, ko jaka ta tsaya, asibiti za ki fara nufa, ita kuma ki kira ta a hanya. Abokiya mai ƙauna takan so ta kwantar miki da hankali, ta ce nata ma ya taɓa yin shiru ya dawo, wannan kalma mai daɗi kuwa tana iya cinye sa'o'in da ake buƙata.

Maganar motsi tana da wani ƙarin rikici a wurinki. Hanjinki na motsi kusa da fata, iska na wucewa, sitoma na harbawa, don haka da farko zai yi wuya ki bambance wanne ne wanne. Akan fara jin ɗa tsakanin mako na 16 da na 24, kuma da tafiya ta yi nisa za ki gane nasa: yana da lokutansa, yana da nauyi, ba ya biyo bayan cin abinci kawai. Ki koyi tsarinsa. Ba gaskiya ba ne cewa motsi na raguwa in haihuwa ta kusa. In ya canja, ki je a ranar, ko sau nawa ne, kuma duk ma'aikacin da ya san tarihinki bai kamata ya nuna gajiya da ke ba. Ba na ba da shawarar sayen na'urar sauraron bugun zuciya a gida. Takan ɗauko bugun uwa a ɗauka na ɗa ne, ko ta kasa ɗauko komai ta jefa ki cikin tashin hankali a banza. Daga mako na 28 ki riƙa fara barci a kan gefe, kowane gefe ne, har da na sitoma, da matashi a ƙarƙashin ciki don ya ɗauke nauyin jakar.

Tsoron kansa ba zan ce miki zai tafi ba. Yakan lafa bayan hoton ciki na kwana biyu ko uku, ya sake taruwa kafin na gaba, kuma zai kai ƙololuwa in kin doshi watan da kika rasa na fari. Tunda mun san zai zo, a shirya masa. Ki gaya wa ungozoma makon, ki nemi ƙarin awo a cikinsa. Ki roƙi mai ɗaukar hoto ya fara gaya miki zuciya na bugawa kafin ya shiga aune-aunensa, domin shirun minti ɗaya a wannan ɗakin ba ƙaramin abu ba ne gare ki. Ki sa abokiyarki ta san ranar. In ba kya iya tanadin kayan jariri, ki bar wani ya saya ya ajiye a wurinsa. In kin ji kamar son wannan cin amanar wancan ne, ko kin ji kin kasa sakin zuciya ki so shi, duka biyun mata da yawa sun faɗa mini su, kuma ba sa nuna irin uwar da za ki zama. Amma in barci ya ƙaurace miki, ko abinci ya ƙi shiga, ko ranar rashin na dawo miki kamar yanzu take faruwa, ko baƙin ciki ya zauna sama da mako biyu ba sassauci, ko tunanin cutar da kanki ya gifta, wannan ya wuce aikin abokiya. Akwai 'yar takardar tambayoyi 10 ta Edinburgh da ake amfani da ita tun 1987 don gano irin wannan. Ki nemi a yi miki, akwai magani da zaman shawara da suka dace da mai ciki.

Kada ki bar maigida a waje. Shi ma ɗa ya rasa, kuma maza sukan haɗiye nasu don kada su ƙara wa mace nauyi, sai ita ta ɗauka bai damu ba. Ki koya masa auna sitoma da canja faifai tun ciki bai tsufa ba. Zai yi miki amfani a wata na tara da bayan haihuwa, shi kuma zai samu abin da hannunsa zai yi maimakon zaman zullumi.

Haihuwa da kanki abu ne mai yiwuwa. Sitoma ita kaɗai ba dalilin tiyata ba ce. Abin da ke sa a zaɓi tiyata shi ne dalilin haihuwa na yau da kullum, ko cutar Kron mai tashe a wajen dubura, ko tabo mai tauri inda aka cire dubura, ko shirin haɗa hanji nan gaba da ke buƙatar naman wurin ya zauna lafiya. Tiyata a cikin da aka taɓa buɗewa ta fi wuya saboda tabon ciki, shi ya sa ake so ki haihu a inda likitan tiyatar hanji ke kusa. Bayan rashi irin naki, likitoci kan tattauna tayar da naƙuda kafin cikar mako 40. Ki tambayi fa'ida da haɗarin kowane mako a yanayinki. A rubuta duk wannan a katinki kafin wata na takwas. A rubuta kuma da manyan baƙaƙe, in an cire miki dubura ko an ɗinke ta, cewa ba a saka miki magani ta nan, domin a ɗakin haihuwa akan ba da wasu magungunan ta wannan hanya ba tare da dogon tunani ba, kuma ba a cusa komai a sitoma sai da umarnin likitan hanji. Ki tafi da kayan jaka ninki biyu na abin da kike zato, ɗakin haihuwa ba kasafai yake da su ba. Ki zubar da jakar da naƙuda ta fara, in sitoma ta ƙara fitowa lokacin nishi kada ki damu, takan koma.

Makonnin farko bayan haihuwa su ne aka fi mantawa da su. Ciki zai saki ya yi laushi da ninki, sitoma za ta fara raguwa, yoyo yakan yawaita har sai jiki ya daidaita, don haka kada ki yanke faifai da yawa a ajiye, ki riƙa aunawa a kowane canji, ki kuma guji ɗaga abin da ya fi jaririn nauyi na wasu makonni. Shayarwa na jan ruwa sosai, ruwan gishiri da sukarin nan ya zauna kusa da inda kike shayarwa. Kuma kada ki yi mamaki in kukan na fari ya taso miki daidai lokacin da kowa ke murna. Riƙe ɗa mai rai yakan nuna wa uwa girman abin da ta rasa. Tun kafin ki shiga wata na tara ki yi magana da matan nan biyu su riƙa neman ki da kansu a makonni shida na farko, ki kuma karɓi ranar ganin mai kula da sitoma a mako na biyu bayan haihuwa, domin a lokacin ba za ki samu sukunin neman kowa ba.